Kafin a kama hanyar Bune, a tambayi kwamfuta abin da ke cikinta

Ɗalibin da ya shirya tafiya Bune, a yankin Gure na jihar Damagaram, domin naɗar maganar mutanen da Manganci da Fulatanci da Hausa suke cuɗanya a bakinsu, yakan tanadi na'urar naɗar murya da batura da takardar izini. Abin da ba kasafai yake tanada ba shi ne sanin sigar manhajojin da ke cikin kwamfutarsa. A tambaye shi da me ya auna tsawon wasali, zai ce da Praat. A ce wace siga, sai ya yi zuru. Wannan shirun giɓi ne a cikin bincike, kuma lokaci ya yi da sassan nazarin harshe za su daina yi masa kallon ƙaramin abu.

Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, takan fito da sabuwar siga sau da dama a shekara guda. Amma misalin da ya fi tsoratarwa yana ga R, manhajar da ake lissafin bayanai da ita. A shekarar 2019, siga ta 3.6.0 ta sauya hanyar da umarnin sample() yake bi wajen zaɓen kan mai uwa da wabi. Ɗalibin da ya tsamo kalmomi ɗari daga taskarsa, har ya rubuta lambar farawa domin wani ya iya maimaitawa, zai iske sabuwar siga ta fito da wasu kalmomin daban. Ba wanda ya yi kuskure, ga kuma sakamako biyu. Akwai hanyar komawa ga tsohon zaɓen, sai dai wanda ya san sigar da aka yi aikin farko da ita ne kaɗai zai neme ta. A 2020 kuma, siga ta 4.0.0 ta daina mayar da rubutu rukuni-rukuni da kanta, kuma tsofaffin umarnai da yawa sun sauya hali daga nan.

Bincikawar ba ta cin minti biyar. A Ubuntu, apt list --installed zai jero duk abin da aka girka tare da lambarsa, apt list --upgradable kuma ya nuna waɗanda aka yi wa sabuwa. Mai aiki da Python yana da pip list --outdated. A cikin R, sessionInfo() yana faɗin abin da ake aiki da shi a lokacin, old.packages() yana faɗin abin da ya tsufa. Masu Windows suna da winget upgrade. Baƙin allon nan da ɗalibai ke gudu kamar gidan maye bai wuce wurin tambaya da amsa ba.

Akwai tarko biyu. Jerin da apt yake nunawa daga ajiyar cikin kwamfuta yake karanto shi, kuma ajiyar ba ta sabunta sai an ba da umarnin sudo apt update, wanda ke buƙatar intanet. Wanda ya duba a ƙauye ba tare da sadarwa ba, labarin ranar da ya baro gari zai samu. Na biyu, manhajar da aka sauko da ita da hannu, kamar yadda aka fi yi da Praat da ELAN, sau da yawa apt bai san da zamanta ba. Ita da kanta ake tambaya, misali da praat --version.

Ganin sabuwar siga ba ya wajabta girka ta. A sabunta a Damagaram ko Yamai kafin tafiya, a gwada a tabbatar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ suna fitowa daidai kuma tsofaffin fayiloli suna buɗewa, sannan a tsaya nan har a kammala awo. Umarnin apt-mark hold don haka aka yi shi: yana riƙe manhaja ɗaya a inda take, sauran su ci gaba. Masu cewa barin sabuntawa yana buɗe ƙofa ga ɓarayin intanet suna da gaskiya game da manhajar shiga yanar gizo da tsarin kwamfutar kansa, kuma waɗannan a bar su suna sabunta. Ma'aunin bincike ne ake riƙewa, domin ba a sauya mudu ana tsakiyar awon hatsi.

Nauyin bai kamata ya tsaya kan ɗalibi kaɗai ba. Malamin da ke duba kundi yana tambayar shekarar da aka buga kowane littafi, har ya mayar da aiki saboda lambar shafi. To, ya tambayi sigar manhaja ma. Sashe na iya shar'anta shafi guda a ratayen kundi da zai ƙunshi abin da sessionInfo() ya fitar, ko fayil ɗin da pip freeze > sigogi.txt ya samar, ɗauke da ranar da aka yi shi, a kuma ajiye kwafinsa a wuri ɗaya da muryoyin da aka naɗo daga Bune.