Mun gane Jokond, raƙumin dawan Dabus ya kayar da mu



Daren jiya bayan lisha, a fadarmu, shayi na biyu yana kan gawayi, wani ƙanenmu ya buɗe irin kacici-kacicin nan na waya: a nuna maka hoto, a ba ka amsa huɗu, ka zaɓi ɗaya. Mu bakwai muka kewaye salula guda. Hoton farko matar nan ce mai murmushi ciki-ciki, kafin ya gama buɗewa muka haɗa baki: Jokond! Har da mai ƙarin bayani, wai Leonardo da Vinci ya zana ta, tana gidan tarihi na Luvur a Paris. Hasumiyar Efel, dalar Masar, duk muka cinye. Sai ga hoton raƙumin dawa biyu sassaƙe jikin dutse. Fada ta yi tsit. Ɗaya ya ce Keniya, ɗaya ya rantse Afirka ta Kudu ce. Muka danna Keniya. Waya ta yi ja, ta rubuta mana: Dabus, jihar Agadas, Nijar.

Mun yi dariya, amma irin dariyar da ake yi don rufe kunya.

Kar wani ya ce muna sukar wasan. Wallahi ya fi abubuwa da yawa da megar matasanmu ke ƙarewa kansu. Mu da muka tashi da « Génies en herbe » a kolej da lise mun san daɗin a jefo tambaya ka cafke ta kafin abokinka. Kuma tun kafin lakwal kakanninmu suke yi mana ƙulun-ƙulufit a tsakar gida. Matsalar ita ce wa ke rubuta tambayoyin. Wanda ya shirya wasan a Faransa ko Amurka abin da ya sani zai saka, kuma bai yi laifi ba. Mu ne muka haddace nasa tun a benci, har muka ɗauka shi kaɗai ake kira ilimi.

Dabus fa ba ƙaramin abu ba ne. Babbar cikinsu ta haura mita 5, an sassaƙa ta shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da Sahara ke da ciyawa da ruwa, kuma masana daga ko'ina suna lissafa ta cikin manyan zane-zanen dutse na duniya. Tana nan cikin ƙasarmu, arewa da Agadas, kan hanyar Arlit. Mu bakwai, biyar sun yi lise, babu wanda ya gane ta.

Wani zai ce to sai me, hoto ne kawai. A tambayi mutanen Tera. A 1975 aka gano wurin tarihi na Bura a can yamma, masanin tarihinmu Bube Gado ya yi aikin tono a 1983, aka fito da tukwane da mutum-mutumin yumɓu, har da mahayin dokin nan da ya yi suna. Bayan an baje kolinsu a Paris a 1993, dillalai suka gane darajarsu. Talakan ƙauye da yunwa ta matsa ya riƙa tono yana saidawa da ƴan jikkuna, kaya suna ƙetare teku, har hukumar gidajen tarihi ta duniya ta saka kayan Bura cikin jerin waɗanda ake fargabar sacewa a shekara ta 2000. Mai saye ya san abin da ya saya, mai saidawa bai san abin da ya rabu da shi ba. Gane hoto a nan ya wuce wasa, dukiya ce ke fita.

Mu dawo gida. Yara nawa a Gure suka san cewa garin nan shi ne fadar Muniyo, kuma Muniyoma Koso ya karɓi baƙuncin Bajamushen nan Barth, wanda ake kira Abdul Karim, a ƙarshen 1852? Nawa za su bambance kuros ɗin Damagaram da na Agadas ko na Tawa in an jera su? Nawa ne suka bi ta Birni a Damagaram suka tsaya kallon zayyanar jikin soraye, ba wucewa kawai a kan kabu-kabu ba? Mu kanmu masu magana a radiyo, in za a faɗi gaskiya, sai mun yi tuntuɓe.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne masu amsar suna cikin gidajenmu. Kai wa inna faifai ko tabarmar kaba, ta juya ta sau ɗaya, za ta gaya maka hannun wane yanki ne ya saƙa. Baba zai kalli aikin sirdi ko kube ya faɗa maka na Manga ne ko na Buzaye ko na Tubawa. Wannan ma gane aikin fasaha ne, daidai da na wanda ke tsaye gaban Jokond. Sai dai babu wanda ya taɓa ba su maki a kai, mu ma da muka yi boko ba mu ɗauke shi ilimi ba.

An ce Hausa ta zama harshen ƙasa tun 2025. Madalla. Amma takardar gwamnati ba ta rubuta tambaya a waya. Intanet abin da aka zuba mata take maidowa, in ba mu ɗora hoton ƙwaryar da aka yi wa zane a kasuwarmu da sunanta da mai yinta ba, babu injin da zai ƙago shi. Akwai Wikipedia ta Hausa, kowa na iya rubutu a ciki, kuma kaɗan ne daga nan yankin suke yi.

Don haka mu a fadarmu mun yanke shawara: kowane mako za mu saka hoto ɗaya a wannan shafi, na abin hannu ko gini ko wuri na yankinmu, ku ba da amsa da Hausa ko Barbarci ko Faransanci, duk wanda ya fi muku sauƙi. Ku ma ku aiko da naku. Sharaɗi biyu ne: a nemi izinin mai abu kafin a ɗauki hoto, kuma in tsohon abu ne da aka tsinta a daji ko cikin kwari, kar a faɗi wurin a fili, don dillalai ma suna da Facebook. Hoton farko ya riga ya samu, wani tsohon akushi ne da muka aro wajen gwaggo, ta ce a maido mata kafin magariba.