Wasiƙa ga Masu Wa'azi a Kan Gwauruwar Zarefat

'Yan'uwana fastoci, masu bishara da malaman Makarantar Lahadi,

Da wuya a sami wanda ya daɗe yana wa'azi bai taɓa buɗe 1 Sarakuna 17 ba. Jama'a na son labarin Annabi Iliya da gwauruwar nan, domin kowa ya san ranar da tukunya ke kan murhu babu abin zubawa. Roƙona gare ku shi ne mu koyar da shi yadda yake a rubuce.

Ku fara daga farko. Iliya ya gaya wa Sarki Ahab cewa ba raɓa, ba ruwan sama, sai in shi ya faɗa. Allah ya ɓoye shi a rafin Kerit, hankaki na kawo masa abinci da nama safe da yamma. Hankaka kuwa tsuntsu ne da Shari'ar Musa ta haramta ci. Daga baya rafin ya ƙafe. Kada ku tsallake wannan ayar. Iliya bai saɓa ba, yana nan inda aka ce ya zauna, duk da haka ruwan ya ƙare. Mutumin da ke zaune a gabanku, wanda aikinsa ya tsaya ko gonarsa ta ƙi, yana bukatar ya ji cewa ƙafewar rafi ba alamar fushin Allah ba ce.

Sannan ku nuna musu inda aka tura shi. Zarefat tana ƙasar Sidon, ƙasar su Yezebel matar Sarki Ahab, inda ake bauta wa Ba'al a matsayin mai ba da ruwa. A can Allah ya zaɓi wata gwauruwa mai tsintar itace, wadda ba ta da komai sai tafin gari ɗaya da ɗan mai, tana shirin dafa na ƙarshe ita da ɗanta su ci su jira mutuwa. Da Yesu ya ambaci matar nan a majami'ar Nazarat, a Luka 4, mutanen garinsu sun fusata har suka nemi jefa shi daga kan tudu, don ya nuna musu jinƙan Allah ya kai ga bare. Idan wa'azinmu bai taɓa son kanmu ba, da sauran gyara.

Ga babban abin da ya sa na rubuto. Wasu cikinmu suna ɗaukar maganar Iliya, cewa a fara yi masa ɗan abinci, su mayar da ita ƙa'idar baiko: kawo na ƙarshenki wa bawan Allah, ki shuka iri, ki girbe ninki. 'Yan'uwa, mu ji tsoron Allah. Iliya ya zo da yunwa ne, ya zauna a gidan, ya ci abin da suke ci kwanaki da yawa. Ba a ce gidan ya cika da buhuna ba. An dai ce garin bai ƙare ba, man bai ƙafe ba. Kullum sai ta sa hannu ta sami na ranar, irin abincin yini da muke roƙo a Addu'ar Ubangiji. Ku tuna kuma a Markus 12, kafin Yesu ya yaba wa gwauruwa mai anini biyu, sai da ya tsauta wa malaman da ke cinye gidajen gwauraye.

Ku karanta surar har ƙarshe. Bayan mu'ujizar gari, ɗan matar ya yi ciwo ya mutu, ta tuhumi annabin da zafin rai. Iliya bai yi mata faɗa ba, ya ɗauki yaron ya kai kukanta gaban Allah. Ku bar masu makoki su yi tambaya, ku kuma ku durƙusa dominsu.

Hausawa na cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Gaskiya ne, amma sau da yawa ta hannun mutum yake aikowa. Ikilisiyar farko ta keɓe mutum 7 don rabon abincin gwauraye, kamar yadda Ayyukan Manzanni 6 ya nuna. Kafin Lahadin da za ku yi wannan wa'azi, ku zauna da dattawa da shugabannin Zumuntar Mata, ku san gidajen da ba a ɗora tukunya ba, ku aika musu da hatsi.

Naku cikin Almasihu,
Ɗan'uwanku a hidima