Izinin dala bakwai: Ƙofar da Kanada ta buɗe wa ’yan Filifins rabi da rabi

A ranar 6 ga Yunin 2023, ministan shige da fice na Kanada a wancan lokaci, Sean Fraser, ya sanar da ƙara ƙasashe 13 cikin jerin waɗanda wasu daga cikin mutanensu za su iya shiga Kanada ta jirgin sama ba tare da biza ba. Filifins na cikinsu, tare da Tailan da Ajantina da Maroko da tsibiran Seychelles da wasu ƙananan ƙasashen yankin Karebiyan. A maimakon biza, matafiyi zai nemi izinin tafiya ta intanet, wanda ake kira eTA, a kan dalar Kanada 7 kacal. Ga ’yan Filifins wannan ba ƙaramin labari ba ne, domin ƙidayar Kanada ta 2021 ta nuna kusan mutum miliyan ɗaya masu asali da Filifins ne ke zaune a ƙasar. Kowane ɗayansu kuma yana da uwa ko ƙane ko suruki da ke son zuwa ziyara.

Bambancin hanyoyin biyu a fili yake. Mai neman bizar ziyara yana biyan dalar Kanada 100, ya ƙara 85 na ɗaukar hoton yatsu da na fuska, ya je cibiyar karɓar takardu da ƙafarsa, ya tara shaidar kuɗi da ta aiki, sannan ya zauna zaman jira. Mai neman eTA kuwa fasfo da katin banki da adireshin imel kawai yake buƙata. Yawancin masu nema kan sami amsa cikin ’yan mintoci. Izinin yakan yi aiki har shekara biyar, ko zuwa ranar da fasfon ya ƙare idan ita ta riga zuwa, kuma a kowace shiga akan bar baƙo ya zauna har wata shida.

Sai dai da sauran rina a kaba, kuma tana cikin kalmar nan “wasu”. Ba kowane mai fasfon Filifins ne ya cancanta ba. Sai wanda ya taɓa riƙe bizar Kanada cikin shekara goma da suka wuce, ko wanda ke da bizar Amurka ta ɗan lokaci wadda ba ta ƙare ba a ranar da ya nema. Wato ɗan kasuwar Manila da ya saba ratsa filayen jirgi zai gama nasa kafin shayinsa ya huce, amma tsohuwar da ke wani ƙauye a lardin Iloilo, wadda ba ta taɓa barin ƙasa ba, kuma take son ta ga jikanta a Winnipeg, tana nan a layin da take tun farko. Masu cewa an ƙara wa Barno dawaki suna da hujja.

Duk da haka, tsarin ya fi abin da masu sukarsa ke ɗauka ma’ana. Kanada ba ta yi riyar cewa ta amince da fasfon Filifins baki ɗaya ba. Abin da ta amince da shi shi ne tarihin mutum: an taɓa tantance shi, an ɗauki bayanansa, an ba shi izini. Sake tantance irin wannan mutum daga tushe ɓata lokacin jami’i ne, kuma lokacin jami’in shi ne abin da tsohuwar Iloilo ke jira. Gwamnatin Kanada ita kanta ta ce matakin zai janye dubban takardu daga tarin da ke gaban masu ba da biza. Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin da fayil ya fi ƙarfin ma’aikata ya san cewa rage tarin ta ko wane gefe sauƙi ne ga kowa. Da za a ce sai an yarda da dukkan ’yan ƙasa kafin a yarda da ko ɗaya, da har yau babu wanda ya samu.

Inda tsarin ke da rauni na gaske shi ne sharaɗi na biyu. Da Kanada ta ce bizar Amurka ta isa shaida, ta ari idon jami’in ofishin jakadancin Amurka ne ta ɗora a kan nata. Tun a 2012 ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar musayar bayanan biza da na shige da fice, don haka tabbatar da bizar ba ta da wuya. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da Washington ta ƙuntata bizarta ga wata ƙasa, ƙofar Kanada ta ƙuntata ke nan, ba tare da kowa a Ottawa ya ce uffan ba. A yanzu ’yan Filifins suna cin gajiyar bizar ziyara ta Amurka mai tsawon shekara goma. Wanda ke ganin irin wannan gata ba ya gushewa, ya tuna da watan Yulin 2025, lokacin da Amurka ta mayar da yawancin bizar ɗan lokaci da take bai wa ’yan Nijeriya ta shiga ɗaya mai wata uku, bayan shekara biyar da ake bayarwa a baya.

Ita ma Kanada tana iya janye hannunta, kuma ta taɓa yi. A Disambar 2016 ta ɗage wa ’yan Meziko biza gaba ɗaya. Zuwa 2023, masu neman mafaka daga Meziko sun kai kusan 24,000 a shekara guda, sai a ranar 29 ga Fabrairun 2024 aka dawo da bizar. Abin lura shi ne matakin da aka mayar da Meziko: daidai wanda aka ɗaga Filifins zuwa gare shi, da sharuɗɗan nan guda biyu. Tsani ɗaya ne, wani ya hau ya iske shi, wani ya sauko ya iske shi. Saboda haka ba alkawari ne na dindindin ’yan Filifins suka samu ba. Gwaji ne, kuma alƙaluman waɗanda suka zarce wa’adinsu ko suka nemi mafaka ne za su yanke hukunci.

Ga shi kansa matafiyin, sauƙin neman izinin ne ke jefa mutane cikin kuskure. Izinin na jirgin sama ne kawai. Ɗan Filifins da ya kai ziyara birnin Seattle ya ce bari ya leƙa Vancouver da mota, ko ya shiga jirgin ƙasa ko na ruwa, biza ake nema a hannunsa, ko da eTA ɗinsa na nan daram. Izinin ba takardar aiki ba ne, kuma jami’in kan iyaka ne ke da maganar ƙarshe a filin jirgi. An ɗaure shi da lambar fasfo, don haka kuskuren harafi ɗaya kan hana mutum hawa jirgi, sabon fasfo kuma na buƙatar sabon izini. Ga kuma ’yan tsakiya masu buɗe shafuka masu kama da na gwamnati suna karɓar ninkin-ba-ninkin dala bakwai don cike takardar da mutum zai iya cikewa da kansa. Hadiman da ke shirya wa iyayen gidansu tafiya sun san irin wannan ƙaramin kuskure da ke zama babban abin kunya a gaban kantar kamfanin jirgi.

Kafin ma a isa Kanada, ɗan Filifins na da shingen gida. Jami’an shige da fice na ƙasarsa suna da ikon yi wa mai fita yawon buɗe ido tambayoyi, su kuma hana shi tashi idan suka yi zargin safarar mutane ko aiki ta bayan fage. A 2023 gwamnati ta so ƙara yawan takardun da za a nuna, jama’a suka yi caa, aka dakatar da sabuwar ƙa’idar ’yan kwanaki kafin ta fara aiki. Masu ƙorafin sun yi gaskiya: ba daidai ba ne ƙasar waje ta sauƙaƙa wa mutum, tasa ta tsananta masa. Amma ƙasar da ’ya’yanta na waje ke aiko mata da fiye da dala biliyan 30 a shekara, wadda har ta kafa ma’aikata guda ta ma’aikatan ƙetare, ba za ta yi wasa da sunanta a idon masu karɓar baƙi ba.

Nijeriya ba ta cikin jerin na 2023, alhali Maroko da Seychelles suna ciki. Tun daga Mayun 2025 ita ma ta koma bayar da biza ta intanet a maimakon bizar da ake karɓa a filin jirgi, don haka harshen ba baƙo ba ne ga jami’an ma’aikatun harkokin cikin gida da na waje. Idan tattaunawa da Ottawa ta taso, neman a ɗage biza baki ɗaya buƙata ce da kowa ya san amsarta tun kafin a zauna. Abin da Filifins ta samu ya fi kusa: a ware ’yan Nijeriyar da suka taɓa riƙe bizar Kanada, waɗanda bayanansu ke hannun Kanada tuni, a bar su su nemi izinin ta intanet. A kan sharaɗin farko ya kamata a kafa buƙatar, domin na biyun yana hannun Washington.