Yabon Gawa Ba Ya Biyan Fansho

Duk sanda wani tsohon soja ya rasu a Kura ko Bunkure, zancen zaman makoki ɗaya ne. Ya bauta wa ƙasa. Ya riƙe iyalinsa da mutunci. Bai taɓa barin gidansa babu cefane ba, ko a shekarar da tumatir ya yi kwantai. Duk gaskiya ne. Abin da ba a faɗa shi ne, mafi yawan masu wannan yabo sun san halin da ya ƙare rayuwarsa a ciki, kuma babu abin da suka tsinana masa.

Jama'a, ku dubi waɗannan dattawa da kyau. Da yawansu suna samari aka ɗebe su lokacin yaƙin basasa, tsakanin Yulin 1967 da Janairun 1970, sa'ad da rundunar da ba ta wuce mutum dubu goma ba ta kumbura ta kai wajen dubu 250. Da ƙura ta lafa aka yi ta sallamarsu. Waɗanda suka dawo wannan yanki sun tarar an gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, ruwa ya fara gangarowa Kadawa. Suka ajiye kaki suka ɗauki fartanya. Na bayansu kuma sun je Laberiya da Saliyo a rundunar ECOMOG daga 1990. Na bayan waɗannan su ne ake dawo da gawarwakinsu daga Sambisa da Tafkin Chadi, idan ma an dawo da su.

Mutum ya yi alƙawari biyu, ɗaya da ƙasa, ɗaya da gidansa, ya cika duka. To, wa ya cika nasa a kansa?

A fara da hukuma. Kowace 15 ga Janairu ana tara manya. A ajiye furanni, a harba bindiga sama, a saki tattabaru, a karanta jawabin da aka karanta bara. Makonni kafin nan an ƙaddamar da tambarin 'yan mazan jiya, an maƙala shi a ƙirjin manyan riguna, an yi shelar gudummawa a gaban kyamara. Wa ya taɓa ganin lissafin wannan gudummawa a manne a bangon sakatariyar Kura? Wace bazawarar soja ce a Bunkure za ta ce ga rabonta?

Amma kowa ya ga tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja. Sun yi haka a Janairun 2022, suka sake a Disamban 2024, suka koma a Janairun 2025, kwanaki kaɗan kafin a saki tattabarun shekarar. Ba sadaka suka je roƙo ba. Haƙƙinsu ne da aka rubuta, aka sa hannu, aka danne. Mutumin da aka horar da shi a kan cewa umarni baya jiran gobe, shi ake ce wa ya dawo wata mai zuwa.

Ga kuma tantancewa. Tsoho mai ciwon ƙafa da hawan jini, sai ya tabbatar wa kwamfuta cewa yana raye. Harafi ɗaya ya bambanta tsakanin takardar sallamarsa da sunansa na banki, shi ke nan an tsayar da kuɗinsa. Lokacin da ake tura shi bakin daga, wa ya tsaya duba yadda aka rubuta sunan?

Wannan hali ma gado ne. Turawa suka fara, mu muka ɗora. Da Hausawa goma sha takwas John Glover ya kafa ƙungiyar da ta zama tushen sojan Nijeriya a 1863. Kakanninmu sun yi yaƙi a dazukan ƙasar Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, shi ya sa ake da barikin Chindit a Zariya da na Kalapanzin a Kaduna, kamar yadda barikin Bukavu na Kano ya samo sunansa daga Kwango. Sunan filin daga ya tsira, sunan wanda ya faɗi a filin ya ɓata. A 2021 gwamnatin Ingila ta fito ta ba da haƙuri, bayan bincike ya nuna aƙalla mutum dubu 116, yawancinsu 'yan Afirka, da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a rubuta sunayensu kamar na Turawa ba. Su sun makara da shekara ɗari. Mu ko makarar ba mu yi ba, don ba mu kama hanya ba. Wace ƙaramar hukuma ce a nan take da kundin sunayen 'ya'yanta da suka tafi yaƙin basasa ba su dawo ba?

Sai dai zagin Abuja abu ne mai sauƙi, kowa ya iya. Mu dawo gida, inda abin ya fi muni.

Tsohon soja ya bar eka ɗaya ko biyu a bakin magudanar ruwa. A wannan yanki kowa ya san darajar irin wannan gona: shinkafa da damina, tumatir ko albasa ko alkama da rani. Da ita ya aurar da 'ya'ya mata, da ita ya biya kuɗin makaranta a watannin da fansho ya ƙi fitowa. Ya jure tsadar taki, ya jure kacalla da ta toshe hanyar ruwa, ya jure tsutsar sharon da ta cinye tumatir a 2016. Bai sayar ba, don ya san ita ce garkuwar marayunsa.

Kafin matar ta fita takaba, wani ɗan'uwa ya riga ya zuba iri. Wai riƙo ne kafin yara su girma. Shekara ta zagayo, ya aiko da buhu biyu na shanshara kamar mai yin alfarma. Shekara ta gaba ya ce an yi asara. Ta uku sai a ji an jinginar da gonar ga wani mai kuɗi, ba shaida, ba takarda. Wannan ɗan'uwa shi ne ya fi kowa sharɓar kuka a maƙabarta. Shi ne ya tsaya a sahun gaba yana karɓar gaisuwa, yana cewa marigayi uba ne ga kowa.

Kuma ba a ɓoye ake yi ba. Maƙwabcin gona ya sani. Shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwa ya sani, tunda ya ga hannun da ke biyan kuɗin ruwa ya canja. Mai unguwa ya sani. Liman, wanda ya sha karanta mana abin da Suratun Nisa'i ta tanada wa masu cin dukiyar marayu, shi ma ya sani. Kowa ya ce maganar cikin gida ce. Tun yaushe sata ta zama maganar cikin gida?

Sai ka ga matar da mijinta bai taɓa bari ta nemi ko gishiri a maƙwabta ba, tana turarar shinkafar wasu a biya ta ladan buhu. Aikin ba abin kunya ba ne, da shi dubban matan Kura suke rufa wa kansu asiri. Kunyar tana kan wanda ya sa take turara shinkafar da aka noma a gonar 'ya'yanta. Yaron da ubansa ya rantse sai ya yi karatu, ga shi can Kwanar Gafan yana dakon kwanduna.

'Yan siyasa kuwa, ba a magana. Ranar sadakar uku za su iso da jerin motoci, a ɗauki hoto, a sa a Facebook da dogon rubutu a kan jarumtar marigayi. Yana raye sau nawa ya zauna a benci a ƙofar ofishinsu aka ce masa sun shiga mitin? In sun tuna da tsohon soja, to mai gadi suke nema.

Kada wanda ya ce babu hali. Bin takardun magaji har a biya haƙƙin mamaci aiki ne na mutum ɗaya mai ilimi da kuɗin mota. Raba gado a gaban alƙali, a rubuta gonar da sunan marayu, ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Dagatai da masu unguwanni za su iya tattara sunayen tsofaffin sojojin da suka rage a garuruwansu cikin mako guda, tare da na matan waɗanda suka rasu, su miƙa wa hakimi da shugaban ƙaramar hukuma da reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya. 'Yan yaƙin basasa mafi ƙarancin shekaru a cikinsu sun haura saba'in. A yi wannan aiki bana, kafin a sako ruwan rani, kuma a fara da gonakin da suke hannun masu riƙo.