WAƘA A BAKIN MAI ITA TA FI DAƊI: A KOYA MANA ƊAUKAR HOTO

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne in jawo hankalin hukumar sashenmu da ƙungiyarmu ta ɗalibai a kan wani fanni da muka daɗe muna yi wa kallon hadarin kaji, wato ɗaukar hoto. Ra'ayina a taƙaice shi ne, ya kamata a koya wa ɗalibin Hausa ɗaukar hoto kamar yadda ake koya masa ƙa'idojin rubutu, sannan a ƙarfafa masa guiwa ya fita da aikinsa fagen gasa.

Na san wani zai yi dariya ya ce, ai yau ko yaron goye ya iya danna waya ya ɗauki hoto. Gaskiya ne, amma ai kowa ma ya iya magana da Hausa a gidansu, duk da haka muka baro gida muka zo jami'a muna karanta nahawu da adabi. Danna waya daban, sanin abin da za a ɗauka da lokacin ɗaukarsa da yadda za a adana shi daban.

Me Ya Haɗa Ɗalibin Hausa Da Kyamara?

Kashi ɗaya cikin ukun karatunmu al'ada ce. Muna rubuta jinga a kan ƙira da jima da dukanci da wanzanci da fawa, muna kawo sunayen kayan aiki irin su zugazugi da uwar maƙera da ƙoshiya da tsitaka. Amma ɗalibai nawa ne a ajinmu suka taɓa ganin ƙoshiya da idonsu? Da yawa daga cikinmu a nan Kudu aka haife su, wasu ma ba Hausawa ba ne, sha'awar harshen ce ta kawo su. Duba kundayen digirin da ke ɗakin karatu, za ka tarar da shafi biyar ana siffanta abin da hoto guda zai bayyana. In ma an sa hoton, sai ka gan shi dishi-dishi, babu sunan wuri, babu kwanan wata. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi. Mu da muke karatu a Kudu muna zaune kusa da wata taska da takwarorinmu na Kano da Zariya da Sakkwato ba su da ita, wato rayuwar Hausawan zango. Tun shekarar 1916 aka kafa unguwar Sabo a Ibadan. Ga Agege da Idi-Araba da kasuwar Mile 12 a Legas, ga Sabon Shagamu da cinikin goro, ga Ama Hausa a Owerri, ga kasuwar shanu ta Lokpanta a Jihar Abiya. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan, ya wallafa littafi sukutum a kan Hausawan wurin a 1969. Mu jikokin masu unguwar me muka adana?

Abin takaici shi ne, galibi ba a tunawa da waɗannan wurare sai ranar da fitina ta tashi. Lokacin rikicin kasuwar Shasha a Ibadan cikin watan Fabrairun 2021, hotunan hayaƙi da ƙonannun rumfuna ne suka zagaye duniya. Ina hoton shekarun da aka yi ana cuɗanya lami lafiya? Ina hoton Bayarabiya tana tayin albasa da Hausa, Bahaushe yana mayar mata da Yarabanci? Ina na masu lodin goro da asuba, ko na ɗaurin auren da ya haɗa ƙabilu biyu a tabarma guda? Idan ba a ɗauki waɗannan ba, jikokinmu za su buɗe tarihi su tarar da toka kawai, su ɗauka zaman ke nan. Baƙon ɗan jarida kwana guda zai yi ya wuce. Mu ne muke jin harshen, mu ne dattawan zango za su shimfiɗa wa tabarma.

Waɗanda Suka Riga Mu

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Hoton nan da ake sawa a littattafan tarihi na Oba Ovonramwen na Benin a cikin jirgin ruwa, bayan Turawan Ingila sun ci birninsa a 1897, wani ɗan Bonny ne mai suna Jonathan Adagogo Green ya ɗauke shi. Shi kuwa marigayi J.D. Okhai Ojeikere, da wata 'yar ƙaramar kyamara samfurin Brownie ya fara a 1950. Daga 1968 ya duƙufa ɗaukar kitson matan Nijeriya, har ya tara hotuna kusan 1,000, yana rubuta sunan kitso da inda ya samo asali. An baje hotunan nasa a babban bikin fasaha na birnin Banis a ƙasar Italiya a 2013, shekara guda kafin rasuwarsa. Ka duba fa, kitso ne, abin da muke wucewa kullum a tsakar gida. Ina wanda ya yi wa shuku da zane da doka irin wannan hidima, ko ya tattara aikin hular zanna da kuɓe da ɗinkin aska takwas?

A Maiduguri kuwa, Fati Abubakar, wadda aikin jinya ta karanta, ta fara sa hotunan rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno a Instagram a 2015, a daidai lokacin da duniya ba ta jin komai game da garin sai tashin bama-bamai. Ta nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki, manyan jaridun duniya suka ɗauki labarinta. Abin da ta yi wa Borno shi nake fata mu yi wa zangunanmu.

Abin Da Za A Koyar

Ba ina kira a buɗe sabon sashe ba ne. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Ga kuma darasin koyon sana'a da dogaro da kai wanda ake yi mana. Ko dai a saka ɗaukar hoto a ɗaya daga cikin waɗannan, ko a cusa shi cikin darasin dabarun bincike. In duk sun faskara, ƙungiyar ɗalibai ta roƙi malami guda daga sashen koyon aikin jarida ko na zane-zane ya ba mu Asabar shida.

Abu na farko da za a koya shi ne haske. Ɗalibi ya san dalilin da ya sa hoton hantsi da na la'asar sakaliya suka fi na tsakar rana kyau, domin ranar tsaka tana jefa inuwa a ƙarƙashin ido da hula. Ya san abubuwa uku da suke sarrafa haske a kyamara: faɗin ƙofar da haske ke shiga, da saurin ƙiftawarta, da ƙarfin karɓar hasken. Na biyu tsari, wato inda za a tsaya da abin da za a bari a wajen hoto. Na uku bayani. Duk hoton da babu wane ne, a ina, yaushe, me ake yi, to maraya ne, ba shi da amfani ga mai bincike. A nan ne Hausarmu za ta yi rana. Na huɗu, wanda ya fi su duka, ladabi. Ba a ɗaukar mutum sai da izininsa, ba a leƙa gidan aure da kyamara, ba a mayar da almajiri ko mabaraci hajar neman suna.

Amfanin Shiga Gasa

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Muddin abokanka ne kaɗai suke yaba hotonka, ba za ka taɓa sanin matsayinka ba. Gasa tana ba ka jigo, ta yanka maka wa'adi, ta tilasta maka zaɓar guda uku daga cikin ɗari, sannan alƙalan da ba su san ka ba su auna ka. A 2007 Akintunde Akinleye ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya ci kyautar World Press Photo, da hoton wani mutum yana wanke fuskarsa a wurin da bututun mai ya fashe a Abule Egba cikin Disambar 2006. Da ya bar hoton a aljihu, wa zai san shi?

Ita wannan gasa ta ƙwararru ce, amma akwai masu daidai da mu. Gasar Wiki Loves Africa, wadda aka fara a 2014 da jigon abinci, aka bi da na tufafi da kwalliya a 2015, kyauta ake shiga, kuma hoton waya ma yana shiga. Gasar duniya ta kamfanin Sony tana da rukunin ɗalibai na musamman. A Legas ma an fara bikin LagosPhoto tun 2010. Kafin mu kai can, me zai hana wannan mujalla tamu ta sa gasar kanta, hoton da ya yi nasara ya hau bangon fitowa ta gaba?

Sai dai a yi hattara. A karanta sharuɗɗa kafin a aika, domin a gasar Wiki, misali, kana ba kowa damar amfani da hotonka ne muddin ya ambaci sunanka. A guji masu neman kuɗin rajista mai yawa ba tare da an san su ba. A kuma guji maguɗi. A 2015 alƙalan World Press Photo sun zubar da kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda an yi musu kwaskwarimar da ta wuce ƙima. A 2023 kuma wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ƙi karɓar kyautar Sony, ya bayyana cewa kwamfuta ce ta ƙirƙiro hoton nasa. A zamanin da na'ura ke iya ƙaga ƙarya haka, hoton gaskiya mai suna da kwanan wata sai ƙara daraja yake yi.

Hanzarin Masu Hanzari

Wasu za su ce babu kuɗin kyamara. Wayar da ke hannunmu ta isa mafari, sashe kuma ba zai gaza sayen kyamara guda a riƙa aro ba. Wasu za su kawo batun addini. Malamai sun yi saɓani a kan hoton abu mai rai, kuma ba ni da hurumin yanke hukunci. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, kada a tilasta masa. Ga gine-gine, ga kayan sana'a, ga abinci, ga tsofaffin rubuce-rubucen ajami da gara take ci a akwatunan malaman zango. Ai da kyamara shirin nan na Ɗakin Karatu na Biritaniya, wanda aka kafa a 2004, yake ceto irin waɗannan takardu a ƙasashe daban-daban. Masu cewa karatu ya yi mana yawa kuwa, su tuna da yayyenmu da suke yawo da takardar digiri babu aiki. Wanda ya iya hoto yana da abin yi a gidan jarida da masana'antar fim da wuraren biki tun kafin ya je bautar ƙasa.

Kammalawa

Ina roƙon shugaban sashe da malamanmu su duba wannan batu a taronsu na gaba. Ina kira ga shugabannin ƙungiya su sa gasar farko a makon Hausa na bana, jigonta ya kasance zangon da ya fi kusa da mu. 'Yan uwana ɗalibai, musamman mata waɗanda su kaɗai ke iya shiga inda maza ba sa shiga, kowa ya zaɓi sana'a guda ko dattijo guda ya fara. Tsofaffin da suka san yadda aka kafa unguwannin nan kullum raguwa suke yi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa mu dace, amin.