Rigar da Ba Sunan Maɗinki, Turaren da Ba Sunan Mai Haɗawa

A shekarar 2023 gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan ya baje kolin ayyukan Gabrielle Chanel, inda aka jera riguna tare da kwalaben turarenta mai lamba 5, wanda ya fito a 1921. Abin lura ga manazarcin Hausa shi ne yadda aka ɗaure kowane kaya da sunan mai shi da shekararsa. Babbar rigar Bahaushe kuwa, idan ta shiga irin wannan gida, abin da aka saba liƙa mata shi ne "Hausa, Arewacin Nijeriya". Wanda ya kwashe watanni yana zuba mata aska takwas da tambari ya ɓace, sai ka ce rigar ita ta ɗinka kanta.

Ba Turawa kaɗai ke da wannan laifi ba. A gida ma an fi girmama abin da ya tsufa har ya rasa mai shi. Birnin Kudu misali ce. Tun tsakiyar shekarun 1950, da Bernard Fagg ya yi rubutu a kan zanen shanu da duwatsun kiɗa na garin, Dutsen Habude da Dutsen Mesa suka shiga littattafai, kuma Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ke kula da su. Wannan daidai ne. Sai dai a gindin duwatsun nan akwai matan da ke soya turaren wuta, suna jiƙa humra da farce da sandal, suna daka kajiji domin amare, ga kuma masu ɗinkin hula da riga da ke kai hajarsu kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram. Masu zanen dutse sun tafi da sunayensu, babu yadda za a yi. Waɗannan kuwa suna raye, ana iya yi musu sallama a tambaye su.

Za a ce ƙamshi ba ya ajiyuwa. A Versailles ta Faransa akwai Osmothèque, taskar da aka buɗe a 1990 domin adana turaruka, har da waɗanda aka daina yi. Turaren wuta ma bai kai na kwalba wuyar sha'ani ba: kasko da garwashi sun isa mai ziyara ya shaƙa.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta sirri. Haɗin turare gado ne daga uwa zuwa 'ya, kuma shi ne jarin mai shi. Ɗalibin da ya je ya kwafe ma'auninsa ya buga a kundin digiri ya ci amana. Amma kamfanin Chanel bai bayyana haɗinsa ba, hakan kuma bai hana baje koli ba. Abin da ake nema shi ne suna, da unguwa, da wadda ta koya mata, da hanyar da kayan suka biyo, idan ta yarda ita da gidanta. Nan ne ma nazarin zai yi daɗi, domin humra daga wajen Barno da Chadi ta shigo, sandal kuma daga Indiya, don haka kwalba ɗaya tana ɗauke da tarihin fatauci.

Alphadi na Nijar, wanda ya kafa bikin FIMA a 1998 kusa da Agadas, ya nuna cewa mai tsara tufafi na wannan yanki zai iya sa sunansa a riga da turare, duniya ta karɓa. Ba sai an jira samun irinsa a Jigawa ba. Sassan nazarin Hausa na Jami'ar Bayero da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa na iya haɗa kai da masu kula da duwatsun Birnin Kudu a ware ɗaki guda, a rataye riguna da huluna, a jera kasake, kowanne da takardar da ke ɗauke da sunan wanda ya yi shi da Hausa, boko da ajami.