Petrichor: Jinin Dutse ko Ƙamshin Ƙasa?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ƙamshin nan da kan tashi idan ruwan farko ya sauka bayan zafin bazara. Turawa suna da wata kalma da suke kiransa da ita, wadda ko a cikinsu ba kowa ya san ta ba, watau petrichor. Wasu masana biyu na ƙasar Ostiraliya, Isabel Bear da Richard Thomas, su ne suka ƙirƙiro ta a shekarar 1964 cikin mujallar Nature.

Saiwoyi biyu na Girkanci aka haɗa. Ta farko ita ce petra, watau dutse. Daga gare ta aka sami sunan birnin Petra na ƙasar Jodan, wanda aka sassaƙa a jikin duwatsu, haka kuma fetur ɗin da muke zuba wa mota, domin asalin ma'anarsa man dutse. Ta biyu kuwa, ichor, ma'anoni biyu gare ta masu nisa da juna. A tatsuniyoyin Girkawan da, ruwa ne mai gudana a jijiyoyin allolinsu maimakon jini. A bakin likitoci kuwa, ruwan da ke tsiyaya daga gyambo ne.

Ke nan petrichor na nufin jinin dutse, domin abin da masanan biyu suka tatso daga duwatsu da yumɓu wani mai ne da tsirrai ke barin sa lokacin rani. To amma sunan bai faɗi gaskiyar duka ba. Babban rabon ƙamshin daga abu mai rai yake, watau ƙwayoyin bakteriya na cikin ƙasa da ake kira Streptomyces. Daga wannan dangi ne aka sami maganin tarin fuka, streptomycin, a 1943. Sinadarin da suke fitarwa an raɗa masa suna geosmin a 1965, kuma fassararsa daga Girkanci ita ce ƙamshin ƙasa, daidai da abin da manomi yake faɗa tun kaka da kakanni. Wani bincike na 2020 ya nuna cewa da ƙamshin ne bakteriyar ke janyo ƙananan ƙwari su yaɗa irinta.

A ganina, a nan darasi yake ga mu malamai. Ɗalibanmu kan haddace irin waɗannan kalmomi kamar wani asiri, su zuba su a jarrabawa, su manta. Za a ce ai harshen kimiyya na duniya ne, dole a riƙe shi. Haka ne, amma riƙo ba tare da fahimta ba kaya ne kawai a kan jaki. Wanda ya san saiwar kalma shi ne zai gane inda ta dace da inda ta kauce. Saboda haka mu fara da ƙamshin ƙasa da ɗalibi ya shaƙa a gonar mahaifinsa, sa'an nan mu feɗe masa kalmar baƙi gaɓa gaɓa. Allah Ya ba mu damina mai albarka.